Tarakta Mai Araha A Intanet: Tarkon Da Ake Ɗana Wa Jarin Manoma

ABUJA: Da zarar watan Maris ya kama, hadari ya fara haɗowa a sararin Babban Birnin Tarayya, sai hankalin manyan manoma da masu ba da hayar motocin noma ya koma kan abu guda, watau yadda za su mallaki tarakta kafin ruwa ya sauka. A daidai wannan lokaci ne kuma ake cin karo da wani irin talla a shafunan saye da sayarwa na intanet da zaurukan Facebook da WhatsApp: hoton jar tarakta tsaf, tayoyinta da sauran ƙwari, ga garma da haro a gefe, an kuma sa mata kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. A ƙarƙashin hoton akan rubuta cewa mai ita yana cikin matsanancin buƙatar kuɗi, kuma wanda ya riga biya shi ne da kaya.

Da yawa daga cikin irin waɗannan tallace-tallace ba su da tarakta a bayansu ko kaɗan. Hoton na wani ne aka kwafo, sunan na aro ne, asusun bankin da za a tura kuɗin kuma ba zai kwana da su ba. Wanda ya faɗa wannan tarko yakan yi asara biyu, domin bayan jarin da ya salwanta, damina ma takan wuce shi, ita kuwa ba ta jiran kowa.

Abin da ya sa tarakta ta zama abin farauta

Nijeriya ta daɗe tana fama da ƙarancin motocin noma. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 an yi yunƙurin harhaɗa su a cikin gida, inda kamfanin Steyr ya kafa masana'anta a Bauchi, aka kuma riƙa harhaɗa ƙirar Fiat a Kano, amma daga baya wannan aiki ya durƙushe. Tun daga nan akasarin taraktocin da ke aiki a gonakin ƙasar nan daga waje ake shigo da su, kamar Massey Ferguson samfurin 375 da ake ƙerawa a Lahore ta ƙasar Pakistan, da Mahindra ta Indiya, da John Deere da New Holland. Duk abin da ake saye da dala kuwa, farashinsa yana bin darajar Naira sau da ƙafa.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar canjin kuɗi. Kafin wannan mataki ana sayar da dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Alal misali, taraktar da kuɗinta ya kama dala 20,000 a wajen masu ƙera ta, a tsohon canji Naira miliyan 9 da dubu 200 ke nan, a sabon canji kuwa ta koma Naira miliyan 30, tun kafin a yi maganar kuɗin jirgin ruwa da na dako da ribar dila. Hanyar rance ma ta yi tsauri, domin zuwa watan Nuwamban 2024 Babban Bankin ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27 da rabi cikin ɗari, abin da bankunan kasuwanci ke ɗorawa kuma ya fi haka.

A nan ne ɗan damfara ya sami ƙofa. Ba ya sa farashin da zai ba mutane dariya. Abin da yakan yi shi ne ya sa kuɗin da ya yi kusa da wanda mai saye ya saba ji shekara uku ko huɗu da suka wuce, ta yadda zuciya za ta raya masa cewa ai wannan shi ne farashin gaskiya, sauran dilolin ne suka cika tsawwalawa. Mutumin da ya tara Naira miliyan goma da niyyar sayen tarakta, canji ya zo ya mayar da kuɗin nasa ba su kai ko rabi ba, shi ne ya fi kowa saurin amincewa da irin wannan talla.

Tarakta ba ta yin araha haka kawai

Duk ɗan kasuwar da ya zauna ya yi lissafi zai ga cewa tarakta mai lafiya tana da farashin da ba ta sauka ƙasa da shi. Dalili na farko shi ne kadara ce mai kawo kuɗi. A lokacin sharar gona da huɗa, mai tarakta ba ya neman masu haya, su ne ke bin sa da kuɗi a hannu, har akan yi jerin gwano. Bayan damina kuma tana jan tirela, tana dakon amfanin gona da taki da yashi. Dalili na biyu shi ne ko ta mutu murus, injinta da giyarta da famfon mai da tayoyinta duk kuɗi ne a wajen masu sayar da kayan gyara. Dalili na uku kuwa shi ne dillalai. A Kano da Zariya da Kaduna da Funtuwa akwai mutanen da sana'arsu ke nan, kunnensu a ƙasa yake, kuma da wuya tarakta ta gari ta fito a rabin kuɗinta ta kwana biyu ba su ɗauke ta ba. Saboda haka idan aka ga talla ya yi mako biyu yana yawo a intanet da irin wannan farashi, to masu sanin kan abin sun riga sun gani sun kau da kai. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, nazarin da ya kasance cikin dalilan ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, a duk kasuwar da mai sayarwa ya san halin kayansa amma mai saye bai sani ba, masu kaya na gari sukan janye domin ba a biyan su daidai darajar kayansu, sai a bar fagen ga masu rubabbe. Kasuwar intanet ta ƙara wa wannan matsala nauyi, domin a can mai saye bai san halin kayan ba, bai kuma san ko akwai kayan ba.

Yadda ake shirya cinikin

Salon yakan bi hanya kusan iri ɗaya. Da farko akan ɗauko hotuna daga shafin wani dila na gaskiya, a cikin ƙasa ko a waje, a sake liƙa su da sabon suna da sabuwar lambar waya. Wanda ya kira sai a tarbe shi da ladabi, a ba shi labari mai ratsa zuciya: ko dai taraktar ta gado ce ana son a raba wa marayu haƙƙinsu, ko mai ita an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma za a fitar da mara lafiya waje. Nan da nan kuma a nemi a mayar da maganar WhatsApp, inda masu shafin tallan ba su ganin abin da ke gudana.

Idan mai saye ya ce yana son ya zo ya gani da idonsa, sai uzuri ya fara fitowa. Taraktar tana wata gona mai nisa, ko tana tashar jiragen ruwa ta Legas, ko tana kan iyaka. A lokaci guda kuma a shaida masa cewa akwai wani Alhaji da ya taya, gobe zai kawo kuɗi, amma idan ya ba da kafin alƙalami yau za a ajiye masa. Kuɗin farko ba su cika yawa ba, domin manufarsu ita ce su ɗaure mai saye. Da zarar ya biya, sai a zo da kuɗin lodi, a bi da na man babbar mota, daga nan a ce an tsare direba a shingen bincike sai an ba da wani abu. Kowane biya yana jawo na gaba, saboda mutum yakan ga cewa in ya tsaya yanzu abin da ya riga ya tura ya tafi a banza. Ranar da ya ce ba zai ƙara ko sisi ba, ranar ce wayar za ta daina shiga.

Sunan Abuja yana da nauyi a kunnen mai saye, kuma a cikin Abuja unguwar Utako tana da wani kwarjini na musamman ga duk wanda ya taɓa aika kaya. Unguwar tana tsakanin Wuse da Jabi da Mabushi, tana da babbar kasuwa, ga kuma tashoshin kamfanonin sufuri birjik, inda motoci ke tashi kullum zuwa kudu da arewa ɗauke da fasinjoji da saƙonni. Ɗan kasuwar da ke Gusau ko Gombe, idan aka ce masa ofishin mai kaya yana Utako kuma daga can za a yi masa lodi, maganar za ta yi masa kama da gaskiya. Sai dai akwai abin lura a nan. Motocin da ke tashi daga waɗannan tashoshi na mutane ne da ƙananan kaya, ita kuwa tarakta mai ƙarfin doki 75 nauyinta ya haura tan biyu, sai a kan babbar mota ake ɗora ta, da sarƙa da ma'aikata. Takardar aika saƙo da aka ɗauki hotonta aka turo ta waya ba ta tabbatar da komai, domin duk mai kwamfuta zai iya buga irinta cikin minti biyar. Rubuta lambar shago a wani bene na Utako ma ba ya cin ko kwabo. Amfanin adireshi shi ne a je a gani, kuma Utako wuri ne mai sauƙin zuwa, kusan kowane ɗan kasuwa a arewa yana da ɗan'uwa ko abokin hulɗa a Abuja da zai iya aikawa ya leƙa. Ɗan damfara ya dogara ne a kan cewa ba za a aika ba.

Sauran fuskokin zambar

Akwai masu fakewa da sunan Hukumar Kwastan, su sa hoton wani jami'i cikin kaki, su ce ana gwanjon taraktocin da aka kama. Hukumar ta fara gwanjo ta intanet a 2017, ta kuma sake buɗe shafin da aka sabunta a watan Janairun 2024. Mai son shiga sai ya yi rajista da lambarsa ta biyan haraji, ya yi tayi a fili tare da sauran jama'a a shafin hukumar. Ta sha yin gargaɗi cewa ba ta gwanjo a Facebook ko WhatsApp, kuma ba a biyan kuɗinta cikin asusun wani mutum. Haka nan ya kamata mai saye ya san cewa tun a 2012 Gwamnatin Tarayya ta janye harajin shigo da injunan noma, don haka duk wanda ya nemi wasu maƙudan kuɗi da sunan fito, sai a tambaye shi wane haraji ne, ina kuma takardarsa.

Akwai kuma masu raɓewa da shirye-shiryen gwamnati. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga ƙasar Belarus, a wani biki da aka yi a Sheda cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, sai a sami masu cewa suna da hanya a ma'aikata, ko suna sayar da fom, ko an ba wani babba kaso yana son ya karyar. Ko da a ce maganar gaskiya ce, sayen kayan gwamnati ta bayan fage jefa kai ne cikin wata rigimar.

Nau'i na uku shi ne inda taraktar take nan a zahiri, amma ba ta mai sayarwa ba ce. Tana iya zama ta sata, ko ta haya, ko ta ƙungiyar manoma, ko wadda aka jinginar wa banki. Wanda ya saya zai wayi gari masu ita sun zo da 'yan sanda, ya rasa kaya ya rasa kuɗi, wataƙila ma ya amsa tambayoyi a kan karɓar kayan sata. Na huɗu kuwa ita ce tsohuwar da ta gama aiki, aka fesa mata sabon fenti, aka mayar da agogon da ke ƙirga awoyin aikinta baya, aka zuba mata baƙin mai mai kauri domin ya ɓoye ƙarar inji. Irin wannan takan yi kwana uku a gona ta tsaya.

Ba Nijeriya kaɗai ba

Wannan sana'a ba ta san iyakar ƙasa ba. A Ostareliya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta bayyana cewa tsakanin watan Janairu da Agustan 2022 manoman ƙasar sun yi asarar sama da dalar Ostareliya miliyan 1 da dubu 200 a hannun 'yan damfara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga ciki ta tafi ne wajen sayen taraktoci da manyan injunan da babu su. A can har shafuna sukutum ake buɗewa da sunan kamfanonin bogi, da lambar rajistar da aka sato ta wani kamfani na gaskiya, a kuma yi wa mai saye alkawarin cewa zai gwada injin na wasu kwanaki, in bai yi masa ba a mayar masa da kuɗinsa.

A Amurka, hukumar bincike ta FBI ta ce daga watan Mayun 2014 zuwa Disambar 2017 ta karɓi ƙorafi kusan 27,000 a kan tallan ababen hawa na ƙarya, asarar kuma ta kai dala miliyan 54. A 2019 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta tuhumi mutum 20 da ke cikin wani gungu mai tushe a garin Alexandria na ƙasar Romaniya, waɗanda suka riƙa sa tallan motoci a Craigslist da eBay, suna cewa su sojoji ne da za a tura wani wuri, don haka suke gaggawar sayarwa. Wani ɗan Bulgeriya mai shagon canjin kuɗin intanet, Rossen Iossifov, wanda ya taimaka musu wajen ɓatar da sawun kuɗin, an yanke masa ɗaurin shekara goma a watan Janairun 2021. Labarin sojan da za a yi wa canjin wurin aiki da na magajin da ke son raba gado duk uwarsu ɗaya.

Inda kuɗin ke shiga

Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda kamfanin NIBSS ya ƙaddamar a 2011, ya sauƙaƙa kasuwanci ƙwarai, amma saurin nasa yana yi wa ɓarawo aiki kamar yadda yake yi wa mai gaskiya. Kuɗin da aka tura sukan sauka a asusun wani da aka ba ɗan abin hasafi ya ba da aron sunansa, cikin 'yan mintoci a rarraba su zuwa wasu asusun, a cire su a wajen masu POS ko a mayar da su kuɗin intanet. An fito da lambar BVN a 2014, a watan Disambar 2023 kuma Babban Bankin ya umarci a haɗa har ƙananan asusu da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN. Duk da haka alƙaluman NIBSS sun nuna cewa asarar da aka yi ta hanyar zamba iri-iri a harkar biyan kuɗi ta tashi daga Naira biliyan 17 da miliyan 670 a 2023 zuwa sama da Naira biliyan 52 a 2024.

Ta fuskar doka ba a bar abin haka ba. Lambar nan ta 419 da ta zama sunan sana'ar ta fito ne daga sashe na 419 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudu, a arewa da Abuja kuwa kundin Final Kod ne ya yi tanadi a kan zamba. Bayan su akwai dokar hana damfara ta 2006, wadda ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ba tare da zaɓin tara ba, sai dokar laifuffukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Hukumar EFCC, wadda hedkwatarta ke Jabi, maƙwabciyar Utako, ta ba da sanarwar samun nasara a shari'u 4,111 a shekarar 2024. Rundunar 'yan sanda ma tana da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja. Wanda abin ya faɗa wa, matakin farko shi ne ya sanar da bankinsa a cikin sa'ar da ya gane, domin a nemi tsare asusun da kuɗin suka shiga, sa'an nan ya kai ƙara da shaidar biya da lambobin waya da hotunan hirar da aka yi. Kunya takan sa manyan mutane su yi shiru, shirun nan kuwa shi ne ke ba ɗan damfara damar sake liƙa hoton nan gobe.

Kafin a saki kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Su kansu manyan shafunan talla, irin su Jiji, suna gargaɗin masu saye kada su biya kafin su ga kaya. Mai saye ya je da kansa ko ya aika amintacce tare da makanike, a tayar da injin da safe yana sanyi, a duba hayaƙi da yoyon mai, a ɗaga garma a sauke, a shiga gona da ita a ga ƙarfinta. A gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke cikin rasit na asali da takardun kwastan. Idan kamfani ne, a bincika sunansa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, a kuma tabbatar sunan asusun da za a biya ya yi daidai da sunan kamfanin. Akwai kuma rajistar kadarorin jingina ta ƙasa da Babban Bankin ya buɗe a 2016, aka ƙarfafa ta da doka a 2017, inda za a iya dubawa ko an ci bashi da taraktar. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a biya ta banki bayan kaya sun shiga hannu. La'adar dillalin da aka san gidansa da iyalinsa ba asara ba ce, ita ce kuɗin da ake biya domin a sami wanda za a kama idan ciniki ya ɓaci.

Wanda jarinsa bai kai ba, yana da wasu hanyoyin. Ƙungiyar masu taraktoci da ba da hayarsu ta TOHFAN tana haɗa manoma da masu injuna, kamfanin Hello Tractor da Jehiel Oliver ya kafa a 2014 kuma yana amfani da na'urar da ke nuna inda tarakta take da aikin da ta yi, domin a yi hayarta ta hannun wakilai. Manoma biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi su sayi guda a wajen dilan da ke ba da garanti da kayan gyara. Mai son sanin ingancin wani samfuri kuma yana iya tuntuɓar Cibiyar Bunƙasa Noma da Injuna ta Ƙasa da ke kusa da Ilori, wadda aikinta ya haɗa da gwada irin waɗannan injuna.

Ɓarnar wannan zamba ba ta tsaya kan waɗanda aka cuta ba. Mai tarakta na gaskiya da ke son sayar da tasa domin ya sabunta yakan rasa mai yarda da shi, dilolin kirki kuma sai sun kashe ƙarin kuɗi kafin su gamsar da abokin ciniki cewa suna nan. A ƙasar da har yanzu fartanya da garmar shanu ke ɗauke da mafi yawan aikin gona, duk Nairar da aka tara domin sayen inji ta ƙare a hannun ɗan damfara, wata gona ce da ba za a nome ba a wannan shekara. Ya rage ga ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa su riƙa faɗakar da 'ya'yansu tun kafin faɗuwar ruwa, su kuma masu shafunan talla su tsananta tantance duk mai sa hoton injin da kuɗinsa ya kai miliyoyin Naira.